Wadda Za Ta Gaji Raƙuma

Zuwa ga ɗan kawuna, Kifi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ka a tsaye kan ƙafafunka, ba a kwance teku na juya maka hanji ba. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Maigidana Malam yana gaishe ka, yana nan yana shan ƙurar alli a makarantarsu. Babanka kuwa, Kawu, yana ci, yana sha, yana faɗa, ka kuwa san in yana faɗa to lafiya ta samu. Gwiwar hagun ce dai tana nan yadda ka bar ta, a sandare, ba ta lanƙwasuwa sai ɗan kaɗan.

Na nemi wayarka har na gaji. In jirginku ya yi tsakiyar ruwa ba a samunka, kuma Kawu ya fi son takarda, don a karanta masa sau biyu ya gyara maka Hausa. Saboda haka ga biro ga takarda.

Kifi, Raƙuma ta durƙusa.

Ranar Talata na loda wa motar dashen mangwaro da lemo zan kai wata sabuwar makaranta. Kawu yana baya kan katifarsa kamar kullum, tukwanen dashe sun kewaye shi. Muna hawan tudun nan na bayan gada na sa giya ta biyu, sai na ji ƙara kamar an zuba cokula a tukunya ana girgizawa. Ta ja numfashi ta tsaya cak. Daga baya Kawu ya ɗaga murya: "Ba laifinta ba ne, ƙafarki ce mai nauyi!"

Aka jawo ta garejin bakanikenmu. Ya shiga ƙarƙashinta ya daɗe, ya fito yana share hannu. Sai ya ɗaga katifar Kawu ya nuna min rami a ƙasan motar, wanda kaina zai shige, ana hango turɓaya ta cikinsa. Na riƙe baki. Kawu ya ce shi ya daɗe da sanin ramin, ta nan yake zubar da ɓawon gyaɗa.

Bakanike ya ce, "Injin nan zai binne ni ya binne ki, dizal ne irin na da. Amma giya ta cinye haƙoranta, tsatsa ta ci ƙasan, ƙarfen da ke riƙe da ita ma ya tsage. In na ce miki zan gyara, na cuce ki." Ba ta yi laifi ba. Agogon tafiyarta ya haura kilomita dubu ɗari biyar, rabi Kawu ya yi mata lokacin da yake kai kaya gari-gari, rabi ni, tun da ƙafa ta hana shi tuƙi ya miƙa min mukulli.

To ga inda nake buƙatarka, kai da kake kwana kake tashi cikin injin jirgi. Dole in sayi wata, ta hannu, kuma ban san ta inda zan fara ba. Ina son mai ɗaukar dashe a tsaye da buhunan taki. Amma wanda ya fi wannan, ka san Kawu ba ya iya shiga kujerar mota. Ta ƙofar baya yake zamewa ya kishingiɗa ya miƙe ƙafar. Fitar nan ita ce duniyarsa. Ya san duk mai gadin da muke kai wa shuka, ya san wanda matarsa ta haihu da wanda haƙori ke damu. In motar da zan saya ba ta ɗauke shi ba, ban sayi komai ba.

Ka ba ni shawara tun kafin dillalai su ci kasuwarsu a kaina. Yanzu motar haya ke kai min kaya, Kawu yana gida yana kallon bango.

Taka,
'yar gwaggonka, Uwar Dashe

*

Zuwa ga 'yar gwaggona, Uwar Dashe,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iske ni a tashar da muka tsaya sauke kaya. Na karanta ta a bakin ƙofar ɗakin inji, har abokan aiki suna tambaya me aka ba ni nake dariya ni kaɗai. Ina lafiya, hanjina na nan daram, teku ta gaji ta ƙyale ni. Ki gaishe min da Baba da kyau, ki ce ina neman albarka. Ki gaishe da Malam, Allah ya ƙara masa haƙurin zama da ke.

Raƙuma ta yi iya yinta. Amma a faɗi gaskiya, ke kika kashe ta. Shekara nawa kina shayar da dashe a cikinta? Mota ce ko fadama? A hannun Baba ko ƙura ba ta kwana a jikinta. A cikinta na koyi tuƙi, yana gefe yana ranƙwashina duk lokacin da na saki kuloci da garaje. Har yau in na ji warin dizal da safe ita nake tunawa, ga shi kuwa cikin warin nake rayuwa.

To ga shawara. Kada ki ce lallai sai dizal. Raƙuma don doguwar hanya aka yi ta, ke kuwa tafiyarki yanzu daga lambu ce zuwa cikin gari, a tsaya nan a tashi can. Injin dizal na yanzu ba irin nata ba ne, yana da matatar hayaƙi da ke toshewa in ba a ba shi hanya ya yi zafi sosai ba, gyaransa kuma ciwon kai ne. Mai fetur za ta fi miki sauƙi. In za ki je gani, ki je da sassafe ki ɗora hannu kan injin. In kin ji shi da ɗumi to dillali ya riga ki tashi, akwai abin da yake ɓoyewa. Ki tsaya a baya a tayar da ita ki ga kalar hayaƙin. Kuma ki tafi da bakanike ya leƙa ƙasanta, tun da ke sai rami ya kai girman kai kike ganinsa.

Abin da zan fi ja miki kunne a kai shi ne, ki nemi wadda cinta ba shi da yawa. Zamanin manyan nan masu haɗiye komai ya wuce, wahala ce kawai ga mai su.

Gobe za mu ɗaga, tafiyar kuma mai nisa ce, za mu jima ba mu ga ƙasa ba. In kin ji shiru kada ki ce na shiga ruwa, da ma a cikinsa nake.

Naki,
Kifi

*

Kifi,

Salam. Muna lafiya. Ban tsawaita gaisuwa ba don raina a ɓace yake.

Takardarka ta zo ina tsakiyar ban-ruwa, na sa ta a aljihun rigar aiki. Ruwa ya ɗan taɓa ta amma ta karantu. Da yamma na zauna gaban Kawu ina karanta masa da ƙarfi. Ya yi dariya a wajen fadama, ya yi tsaki a wajen fetur, ya gyaɗa kai a wajen taɓa inji da safe ya ce, "Ni na koya masa." Sai na zo inda ka ce in nemi wadda cikinta ba shi da yawa, wai zamanin manya masu haɗiye komai ya wuce. Bakina ya riga hankalina, na karanta kafin in gane abin da nake karantawa.

Kawu ya ɗago kai. Can ya ce, "Sake karanta wurin." Na sake. Ya ce, "To, ya yi gaskiya. Ƙaramar mota ta ishe ki. Tsoho kuma ɗaki ya ishe shi." Ya ja sandarsa ya shige.

Haba Kifi! Ban rubuta maka cewa in ba ta ɗauke shi ba ban sayi komai ba? A ina zan sa mutum mai tsawon ƙofa a motar da cikinta ba shi da yawa, a kan rufi? Wasan da ke tsakanina da kai daban, wannan kuwa ba wasa ba ne. Tun ranar bai tambayi labarin ko mai gadi ɗaya ba, rediyonsa a kashe, abincinsa yana dawowa rabi. Bai yi wa kowa faɗa ba, ko Malam da ya zauna masa kan hula.

Malam ya ce in yi haƙuri, wataƙila ba haka kake nufi ba. Na ce rubutu ne ba mafarki ba, ga shi baƙi a kan fari. In kana da abin faɗa ka faɗa da sauri.

Uwar Dashe

*

Zuwa ga Kifi, wanda ya yi shiru,

Assalamu alaikum. Na huce, rabi. Ina fata kana lafiya. Na san ka ce za ku yi nisa, amma mai jiran amsa ba ya lissafi da teku. Mu dai ƙalau muke. Kawu ya koma cinye abincinsa, ga kuma yadda aka yi.

Da na ga zaman ɗakin zai kwantar da shi, na shiga na ce, "Kawu, ni ban san mota ba, tuƙa ta kawai na iya. Ɗanka yana ruwa. In ba ka raka ni ba dillalai za su sayar min da keken ɗinki su ce mota ce." Ya ce shi ba ruwansa. Na ce to shi ke nan, Malam zai zaɓa. Kafin in rufe baki ya ce a miƙo masa sandarsa. Ka san Malam, mutumin kirki, amma har yau bai san wanne ne birki wanne ne totur ba.

Bakanike ya kwashe mu a motarsa ta kaya zuwa filin masu sayar da motoci, ni da Kawu da katifarsa, da Malam riƙe da tef ɗin awo da ya aro wurin tela. Ga tsarin: in mun ga doguwar mota, a buɗe baya, a kwantar da kujeru, a shimfiɗa katifa, Kawu ya zame ciki ya kishingiɗa, ya ƙura wa rufi ido, sannan ya yanke hukunci.

Ta farko fara ce sol. Dillalin ya ce ta wata likita ce, daga gida sai asibiti. Kawu ya nuna robar birki da sanda, ta suɗe kamar tsohon cokali, ya ce, "Asibitin nata a wata ƙasa yake?" Ko katifa ba mu sauke ba.

Ta biyu kyakkyawa ce amma gajera. Da ya miƙe, ƙafar ta leƙo waje, ƙofar baya ta ƙi rufuwa. Dillalin bai karaya ba, ya ce ai sai a ɗaura jan ƙyalle a babban yatsan kamar yadda ake yi wa dogon katako. Kawu ya yi dariya har da tari, karo na farko tun zuwan takardarka.

Ta uku dizal ce, baƙa, doguwa, kai ka ce ƙanwar Raƙuma. Raina ya kwanta da ita nan take. Kawu ya shige ya miƙe har da ragowar wuri. Sai na tuna maganarka na ɗora hannu kan inji, na ji ɗumi kamar yanzu aka sauke tukunya, ga shi hantsi ma bai yi ba. Na ce a bar ta ta huce mu sha shayi. Dillali ya fara zufa, ya ce akwai wani mai saye yana hanya. Na ce Allah ya kawo shi lafiya. Da ta huce aka tayar, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe filin har Malam ya ɓace mana. Ka gani, ko ina fushi da kai ina cin moriyarka.

Yanzu duk Asabar muna can, kowa ya san mu. Muna shiga za ka ji ana kira, "Baba, zo ka kwanta a tawa!" Malam yana auna kowace da tef yana faɗin tsawonta, ba mai saurarensa, don ƙafar Kawu ta fi tef gaskiya.

Ba mu samu ba tukuna. Amma yana fita, yana faɗa. Sai dai bai ambaci sunanka ba ko sau ɗaya, kuma in mai kawo wasiƙa ya wuce bai tsaya ba, ina ganin yadda yake bin sa da ido. Ka rubuto masa, Kifi. Ni na iya zaginka in huce, shi bai iya ba.

Taka,
Uwar Dashe

*

Zuwa ga Uwar Dashe, da Baba in yana saurare,

Wa alaikumus salam. Yau muka taka ƙasa aka miƙo min takardunki biyu a haɗe. Na buɗe ta farko a tsaye, sai da na nemi wurin zama. Ina lafiya, ko in ce ina lafiya kafin in karanta. Na bugo miki waya ba adadi ba ta shiga, ina zaton ita ma kin shayar da ita.

CINTA na rubuta. CINTA. Cin mai! Wadda ba ta shan mai da yawa. Ga shi da manyan baƙaƙe, ki riƙe takardar nesa da butar ban-ruwa. Manyan da na ce masu haɗiye komai injuna nake nufi, masu shanye tanki kafin a kai bakin gari. Ke da kika ce ruwa ya ɗan taɓa ta, bai zo miki a rai cewa ruwan ya yi min ƙari a magana ba? Kin kashe mota da ruwa, yanzu kuma kina neman raba ni da ubana da shi. Malam ya fi ki gaskiya, ki gaya masa haka a gaban mutane.

Yanzu ki karanta wannan a hankali, da ƙarfi, ta wajen kunnen dama.

Baba, ina gaisuwa. Ni ne zan ce a bar ka a ɗaki? A bayan motar nan kake shimfiɗa min bargo ina yaro, in yi barci kan buhuna kana tuƙi, in farka a garin da ban sani ba ka saya min ayaba. Duk injin da na taɓa a duniya, da hannunka nake taɓa shi. In ba a sami motar da ta ɗauke ka ba a sayi bas, in bas bai yi ba a jira ni in zo da jirgi. Ka yafe min mummunan rubutuna.

Uwar Dashe, labarin jan ƙyalle ya zagaye jirgin nan, har mai dafa mana abinci ya ƙona albasa yana dariya. Ga ƙarin shawara ɗaya. Ku daina kallon dogaye masu ƙasa-ƙasa kaɗai don kawai sun yi kama da Raƙuma. Akwai masu tudu, masu faɗin ƙofa, dashe zai tsaya a miƙe a cikinsu, katifa ma za ta samu wuri. Ba su da kyan gani, amma ke ma ai an aure ki.

Naki,
Kifi

*

Zuwa ga Kifi, mai gaskiya sau ɗaya a shekara,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kamar yadda muke. Wayata ta faɗa tankin lambu. Kada ka ce komai.

Na karanta wa Kawu saƙonka. Ya sa aka ɗauko tsohuwar takardar, ya ɗaga ta a rana ya ƙura mata ido, ya ce, "Ai ni da ma na san cinta ne. Ke ce ba ki iya karatu ba." Sannan ya ce hayaƙi ya shigar masa ido, alhali ko ashana ba a ƙyasta ba. Malam kuwa yana ta yawo a gida kamar wanda aka ƙara wa girma.

Yanzu ka gyara zama, gani ya kori ji amma zan yi ƙoƙari.

Asabar muka koma filin. A can ƙarshe, gindin bishiya, akwai wata mai tudu, ruwan toka, da ƙofar gefe mai zamewa. Mai ita wata mata ce mai gidan burodi, ta sayi babba tana son rabuwa da wannan, cikinta sai ƙamshin burodi. Kawu ya yamutsa fuska ya ce, "Wannan ai akwati ne." Da ya ji fetur ce ya yi tsaki. Da ya ji kuma otomatik ce, mai canza giya da kanta, ya ce, "Motar malalata. Direban da bai san kuloci ba fasinja ne da ya zauna a kujerar da ba tasa ba."

Muna fama da shimfiɗa katifa a baya, bakanike ya ja kujerar direba baya har ƙarshe don ya leƙa ƙarƙashin sitiyari, ya gama ya bar ƙofar a buɗe. Kawu ya gaji da tsayuwa, kujerar kuma daidai ƙugunsa take, sai ya jingina ya zauna a bakinta. Ya zura ƙafar dama. Sannan, kamar mai wasa, ya kama ta hagun da hannu biyu ya ɗaga ta ciki. Ta shiga. Ta miƙe sambal a inda kuloci ya kamata ya kasance, babu komai a wurin sai matakin ajiye ƙafa.

Kifi, na ga fuskarsa. Ya dubi ƙasa ya ga abin takawa biyu kacal. Ya taka birki da ƙafar dama, ya saki, ya taɓa totur. Ya ɗora hannu biyu kan sitiyari. Ya ce a hankali, ba da kowa yake ba, "Ashe ba ta neman ƙafar hagu."

Mai burodi ta dube ni, na dube ta. Ta miƙa masa mukulli ta ce, "Baba, filin bayan can babu kowa." Na shiga gefensa hannuna kan birkin hannu. Ya tayar, ya karkata kai ya saurari injin. Sannan muka tafi, sannu a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Ya zagaya filin, ya sake zagayawa, ya yi baya-baya ya ajiye ta tsakanin bishiyoyi biyu da madubi kaɗai, ko waiwaye bai yi ba. Dillalai suka kaure da tafi. Malam ya jefa tef ɗin tela sama. Ni ban san lokacin da kuka ya zo min ba. Kawu ya kashe mota ya ce, "Ba laifi. Ga malalata dai ba laifi."

Bakanike ya bi ta ciki da bai. Da ma inji a sanyaye muka same shi kafin a tayar, hayaƙi babu, ƙasanta tsaf. Dashen mangwaro ya tsaya a ciki ko ganye bai lanƙwasa ba. Cinta kuwa, ka ga na iya rubutawa, madaidaici ne. Na saya.

Raƙuma ba ta tafi ko'ina ba. Bakanike ya cire injin ya haɗa shi da famfon rijiyar lambu, yana ruri yana ba mu ruwa. Gangar jikin mun ajiye ta gindin katanga ina renon ƙananan dashe a ciki, gilasanta na tare musu iska. Yanzu ka ce mata fadama da hujja.

Ga abin da ya tsaya min a rai. Kawu yana so ya koma kan titi. Filin da babu kowa daban, titi daban. Shekaru sun ja, rabonsa da tuƙi tun kafin ka shiga jirgi, ga yara 'yan makaranta a kan hanyarmu. Na ce ba zan ba shi mukulli ba sai ka yarda, kai ne ɗansa. Ya ce tun yaushe kifi ke ba da lasin tuƙi. Amma yana jira, na san yana jira. Duk safiya yana fita da tsumma ya goge mata madubi.

Taka,
Uwar Dashe

*

Uwar Dashe,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Na zo wajen ƙafar hagu na ajiye takardar, na hau saman jirgi na tsaya ina kallon ruwa. Mun yi shekaru muna neman inda za mu kwantar da shi, ba wanda ya yi tunanin neman inda zai zauna.

Tsoro ya ce min in ce a'a. Ina nan ina ganin titinmu a ido, da babura, da yaran da kika ambata. Amma Baba bai taɓa bari na hau titi ba sai da ya tabbatar na iya, kuma bai hana ni ba bayan ya tabbatar. Haka zan yi masa. Ya je likitan ido. Ya sabunta lasinsa, ya yi gwajin tuƙi kamar kowa, ban da roƙon alfarma. Ba tuƙi bayan faɗuwar rana, kuma ki zauna gefensa har hankalinki ya kwanta. In likita ya ce a'a, to a'a ce, kuma ni zan faɗa masa da kaina, ba ke ba. Kin ɗauki isasshen kaya.

Allah ya sa albarka a sabuwar mota, ya tsare ta daga butarki.

Naki,
Kifi

*

Ɗana,

Ni ne, da hannuna, don kada a sake yi mana ƙari a magana. Ina lafiya. Gwiwa tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Na je wurin likitan ido. Ta sa ni karanta baƙaƙe a bango kamar ɗan aji ɗaya. Na sama na karanta, na ƙasa na ce mata ƙudaje ne suka sauka kan allon. Ta ba ni tabarau. Da na saka na ga ashe Malam yana da furfura, kuma 'yar gwaggonka ba ta share saman kabad. Ban ji daɗin duk abin da na gani ba, amma titi ya fito tar.

Wurin gwaji an ce in yi baya tsakanin sanduna, na yi ko iska ban taɓa ba. Sai a mararraba na karya kwana ban kunna sigina ba. Mai gwajin ya ce in dawo wani makon. Na koma gida ban kula kowa ba, amma gaskiyarsa ce, da ni ne a kujerarsa haka zan yi. Na koma na ci. Lasin yana aljihuna, hoton bai yi kyau ba.

Sharuɗɗanka na ji, kuma ina bi. Uwar Dashe ta zauna gefena har hannunta ya gaji da riƙe birki. Yanzu ita tana lambu, ni ke kai dashe, masu gadi suna buɗe min ƙofa tun daga nesa. Tana ƙorafi wai ta sayi mota amma da ƙafa take zuwa kasuwa. Jiya na kai Malam makaranta, ya zauna a gaba yana ta taka birkin da babu a gefensa. Na ce zan koya masa tuƙi, tun da motar irin tasu ce ta malalata. Ba mu sa mata suna ba tukuna. 'Yar gwaggonka ta ce Akwati, na ce a bari ta nuna halinta.

An ce hutunka ya kusa. Kada ka hau motar haya daga tasha. Ka rubuto min ranar, ka zaɓi jirgin ƙasan da ke isowa da safe. Za ka gan ni a bakin ƙofa da tabarau. Kayanka a baya, kai a gefena, kuma ba za ka taɓa sitiyari ba. Ka taho da labari mai tsawo, tasha tana da nisa da gida, ni kuma yanzu ba na gudu.

Ubanka